Gwajin Jinin Balbela

Shafi na 19

Masu cewa na cika jan rai, ku yi haƙuri, hidima ce ta sha kaina. Baiwar Allahn da ta turo min saƙo cewa in wani abu ya sami Balbela ba za ta yafe min ba, na gani. Ni ma da ƙyar na rubuta wannan shafin.

* * *

Likitar yara ba ta amsa gaisuwarsu da fara'ar da ta saba ba. Ta leƙa bayan Auta, ta leƙa bayan Yaya, sannan ta ajiye bironta.

"Ina yarinyar?"

"Tana makaranta, Likita," in ji Auta. "Na ga sakamako kawai za mu karɓa, shi ya sa ban hana ta zuwa ba."

"Yarinyar da jiri ya kayar a shagon ɗinkinki, ita kika tura makaranta?"

Auta ta sunkuyar da kai. Tun ranar da ta tsinci 'yarta a yashe tsakanin keken ɗinki da tarin yadi, idanu a juye, barcin kirki bai sake ɗaukarta ba. 'Yar ɗaya tilo, shekara bakwai. Ubanta ne ya laƙaba mata Balbela saboda dogayen ƙafafunta. Yanzu ƙafafun sun koma kamar sillen kara, sai idon sawun da ya kumbura har takalmi ya daina shiga.

"Ku zauna," in ji Likita.

Yaya, babbar yayar Auta wadda ta kawo ta a motarta, ta ja kujera ta zauna daram, ta ɗora jaka a cinya. Auta kuwa a bakin kujerar ta ɗosana.

"Jinin da muka ɗiba ya fito. Ba zan ɓoye miki ba, Maman Balbela, jininta ya yi ƙasa sosai. Sinadarin gina jiki ma ya yi ƙasa, shi ne ya kumbura mata ƙafa. Gashin nan da kika ce yana bin mataji, duk abu ɗaya ne."

"Wace cuta ce?" in ji Auta. "Ki faɗa min ko mece ce. Ciwon daji ne?"

"Yunwa ce."

Wani jariri ya tsala kuka can a baranda.

"Yunwa?" Yaya ta dafe ƙirji. "Haba Likita, ki san abin da za ki faɗa. Mu ba matsiyata ba ne. Yarinyar nan abincin da ake saya mata, ko ke ba kya cin irinsa."

"Me take ci?"

Auta ta buɗe jaka, ta zaro wata takarda. Ta sha ninki har ta fara yagewa, ga shatin maganaɗisun firij a samanta. Layi uku ne a jikinta: ja, ruwan ɗorawa, kore.

"Da wannan muke aiki. Ciwon ciki ne ya dame ta, kullum kumburi, kullum zawo. Sai Yaya ta kai mu wani wurin gwaji. Suka ɗebi jininta, suka ce za su gano duk abincin da jikinta ba ya karɓa. Na ja, an hana ta kwata-kwata. Na ruwan ɗorawa, jefi-jefi. Na kore ne kawai..."

Likita ta karɓa. Idonta ya bi layin jan, leɓenta na motsi.

"Madara. Ƙwai. Alkama. Shinkafa. Wake. Naman kaza. Kifi. Ayaba." Ta ɗago. "Tun yaushe?"

"Wata huɗu ke nan, ko da ɗoriya."

"Wata huɗu ba madara, ba ƙwai, ba wake, ba nama?"

"Sun ce guba ne a jikinta," in ji Auta. "Mutumin ya nuna min a kwamfuta. Ya ce jininta na yaƙi da su. Ya ce in na ci gaba da ba ta, hanjinta zai lalace, ni ce zan kashe ta da hannuna."

Maganar nan ta mutumin mai farar riga da ƙamshin turare ita ce ta hana Auta sakat. Saboda ita ta kwashe komai daga kicin. Saboda ita ta koma cin nata abincin a ɓoye a shago, don kada Balbela ta gani. Ranar da ta kama yarinyar a bayan ƙofa tana lasar gwangwanin madarar da ta tono daga kwandon shara, dukanta ta yi. Ta dake ta, sannan ta shige banɗaki ta toshe bakinta da tawul ta yi kuka.

Likita ta tura takardar tsakiyar tebur.

"Ku saurare ni da kyau. A jinin kowa akwai sojojin garkuwa kala-kala. Waɗanda aka auna wa 'yarki, ana ce musu IgG. Su kamar mai gadin ƙofa suke, duk wanda ya saba shigowa gidan sun san fuskarsa. Yarinyar da ke shan madara kullum, dole a sami nata na madara da yawa. Wannan ba shaidar madara na cutar da ita ba ce. Shaidar tana sha ce."

"Ban gane ba," in ji Auta.

"Da za a ɗebi nawa jinin yanzu, shayi da burodi za su fito ja zur. Ba don suna min illa ba, don su nake karyawa da su."

Yaya ta ja tsaki.

"Ku likitoci haka kuke. Duk abin da ba daga hannunku ya fito ba, ƙarya ne. Ni nan da kika gan ni na yi gwajin. Da, in na ci abinci sai na kwance zani. Yanzu kin ga cikina? Lafiya lau."

"Me suka hana ki?"

"Kayan fulawa. Lemon kwalba. Soye-soye."

"Hajiya, wannan ko maƙwabciyarki ce ta ba ki shawarar za ki ji sauƙi, ba sai an huda ki da allura ba. Kuma ke babba ce, kina da ƙibar zubarwa. Ita girma take yi."

Yaya ta gyara mayafi ta rufe damtsenta.

"Zagi ne kuma ya biyo baya?"

"Ba zagi ba ne. Ɗazu na duba katinta, nauyin 'yar shekara huɗu gare ta."

Auta ta matso jikin teburin.

"To ciwon cikin fa?" ta ce. "Ai ba ƙarya take ba, Likita. Murƙususu take yi a ƙasa."

"Na yarda. Zai iya zama tsutsar ciki. Zai iya zama sukarin madara ne cikinta ba ya narkarwa, shi kuma ba a jini ake ganinsa ba, cire abu ɗaya ake yi na ɗan lokaci a gani, a mayar a gani. Zai iya zama cutar alkama, wannan akwai gwajinta na gaskiya, amma sai mutum yana cin alkamar yake nunawa. Kun cire mata, kun ɓatar mana da sawu. Duk wannan za mu bi shi a hankali. Abin da ba zai jira ba shi ne jikinta. Yau nake so a ba ta gado."

"Gado?"

"Yau. Ki je ki ɗauko ta."

Hawaye suka ɓalle wa Auta. Ta jawo takardar gabanta tana kallo kamar yau ta fara ganinta. Ja: duk abin da Balbela ke so. Duk abin da ta ba ta da hannunta tun tana rarrafe.

"Wato Likita... jan nan, abin da take ci ne?"

"Yawanci."

"To koren fa?"

"Abin da ba ta cika ci ba. Ko wanda ba ta taɓa ci ba. Mai gadi bai san fuskarsa ba, me zai nuna?"

Idon Auta ya sauka kan layin koren.

Kabewa. Balbela ko warinta ba ta so.

Naman agwagwa. Ba a taɓa dafa shi a gidansu ba.

Kaguwa. Ko a hoto yarinyar ba ta san ta ba.

Yatsanta ya gangara ƙasa, ya tsaya. Ya ƙi gaba.

"Auta?" in ji Yaya. "Ke, lafiya? Kin ga yadda fuskarki ta koma?"

Auta ta ƙara danne wurin da yatsa.

Likita ta miƙo wuya ta kalli inda yatsan yake.

"Gyaɗa. Me ya sami gyaɗa?"

"Ba ta ci," Auta ta faɗa da wata murya da ita kanta ba ta gane ba. "Tun tana goye ba ta ci."

"Saboda me?"

"Babanta ne... yana cin gyaɗa, ta lashi yatsansa. Lasa ɗaya. Kafin na juyo leɓenta ya yi suntum, ido ya rufe, jiki duk ya tashi ruɗu-ruɗu. Numfashinta na fita da fito, kamar ana busa kwalba. A guje muka kai ta asibiti. Suka yi mata allura a cinya. Suka ce da mun ƙara jinkiri..."

Likita ta miƙe zaune sosai.

"Wannan shi ne borin jini na gaskiya. Wasu sojojin ne daban ke kawo shi, IgE, kuma wannan takardar ba ta auna su ba ko kaɗan. Ki gode wa Allah da ba ki biye mata ba." Ta tsaya. Ta ƙura wa Auta ido. "Ba ki biye mata ba, ko?"

Auta ta kau da kai.

"Maman Balbela. Ba ki ba ta ba, ko?"

"Na tambayi mutumin," Auta ta ce, kalmomin na tuntuɓe. "Wallahi na tambaye shi. Na faɗa masa abin da ya faru. Ya yi dariya, ya ce ga shi nan kore shar, ta warke, yara suna girma su bar shi. Duk da haka ban yarda ba. Wata huɗu ina tsallake layin nan. Babanta kafin ya tafi da motar kayansa sai da ya riƙe hannuna ya ce, komai za ki ba ta, ban da gyaɗa..."

"Kin ba ta ko ba ki ba ta ba?"

"Ranar da kika ɗora ta a sikeli na ga fuskarki, Likita! Na ga yadda kika kalle ni! Na koma gida na duba, duk cikin koren nan ba abin da zai sa mata ƙiba sai ita. Yaya ma ta ce..."

"Ni?" Yaya ta zabura. "Kar ki sa ni a ciki!"

"Kin ce tsoron banza nake yi! Kin ce ilimi ya yi magana, ni ina nan da tunanin mutanen da!"

"Na ce ki gwada kaɗan! Kaɗan na ce!"

Likita ta buga tebur da tafin hannu.

"Yaushe ta ci?"

"Ba ta ci ba tukuna." Auta ta share hawaye. "Yau da safe na markaɗa. Na shafa mata a kan dankali, na rufe a kularta ta makaranta. Ban faɗa mata ko mene ne ba, don ta san an hana ta. Na ce sabon man shafawa ne mai daɗi."

"Ƙarfe nawa suke cin abinci?"

"Sha ɗaya."

Su uku suka ɗaga kai lokaci guda. Agogon bangon, mai hoton ɗan zomo, ya nuna sha ɗaya saura kaɗan.

"Kira malamarsu," in ji Likita. "Yanzu!"

Wayar ta zame daga hannun Auta, ta faɗi ƙarƙashin tebur. Ta rarrafa ta ɗauko. Yatsanta ya kasa buɗe ta, sai da ta goge zufa a jikin riga. Ta danna lambar.

Tana shiga. Tana shiga. Ba a ɗauka ba.

"Ba sa riƙe waya a aji," ta ce. "Hana su ake yi. A jaka suke bari."

"Ofishin makarantar fa?"

Ta kira. Layin na aiki, wani na kansa. Ta sake kira. Yana aiki.

"Innalillahi," Yaya ke ta maimaitawa. "Ƙila ba za ta ci ba, Auta. Kin san halinta, kullum da saura take dawowa. Ƙila ta buɗe ta ji warin ta ture."

Auta ta girgiza kai a hankali. Hawayen sun tsaya cak, idon ya bushe.

"Za ta ci."

"Ta yaya kika sani?"

"Na ce mata in ta dawo min da ko loma ɗaya, ba ni ba ita. Kuma na tsaya a bakin aji na roƙi Malama. Na ce don girman Allah ta zauna kusa da ita, kada ta bari ta tashi sai ta cinye."

Likita ta riga ta kai bakin ƙofa.

"Nas! Nas! Ɗauko allurar adrenalin biyu da sirinji, maza!" Ta juyo. "Makarantar na da nisa?"

"Bayan babbar kasuwa," in ji Yaya.

"Motar asibitinmu ta fita. Zan kira wata, amma za ku iya riga ta. Nas za ta bi ku, ta san abin yi. Maman Balbela, dube ni. Kada ki daina kira. In sun ɗauka, ki ce kada a bari ta taɓa kular. In ta riga ta ci, kada su ba ta ruwa, kada su tsayar da ita, kada su ce ta taka da ƙafarta. Su kwantar da ita su ɗaga ƙafafun. In numfashi ya yi mata wuya, su jingina ta a zaune. Kin ji?"

"Na ji."

"Maimaita min."

Auta sai sake danna lambar Malama take yi.

"Na riƙe, Likita," in ji Nas, wata doguwar mata da ta shigo da ƙaramin akwati a hammata. "Mu je."

Auta ba ta san yadda ta sauka daga benen ba. Takalminta ɗaya ya tsaya a matakala, ba ta waiwaye shi ba. Masu jiran layi suka dare suna bin su da kallo. Yaya ta yi ta kokawa da makulli, motar ta tashi ta mutu, ta sake tashi.

Suka hau titi. Auta a gaba, waya manne a kunne. Nas a baya tana fasa kan kwalbar allura.

"Ki taka motar nan, Yaya!"

"Ina takawa! So kike in kashe mu?"

Tana shiga. Ba a ɗauka ba.

Wajen kwanar kasuwa suka tarar da abin da Auta ke tsoro. Wata babbar mota na sauke buhuna a tsakiyar hanya, motoci sun yi cirko-cirko, masu babur na kutsawa ta kowane lungu. Yaya ta kwanta a kan hon.

"Ku ba mu hanya! Rai ne! Rai ne a gaba!"

Wani ɗan dako ya ɗaga mata hannu, alamar ta yi haƙuri, ya ci gaba da abin da yake yi.

"Auta," Yaya ta ce ba tare da ta kalle ta ba, muryarta ta karye. "Wallahi taimako na yi niyya. Ni na raine ki. Yarinyar nan 'yata ce."

"Kada ki min magana."

"Auta..."

"Ke kika kai ni, amma ni na markaɗa. Ni na shafa. Har ɗanɗanawa na yi na ji ko gishiri ya ji." Ta danne bakinta da bayan hannu. "Da safe ta rungume kular nan, Yaya. Ta ce, Mama, yau abincina na da ƙamshi irin na mutane."

Nas ta dafa kafaɗarta daga baya.

"Ki ci gaba da kira, 'yar'uwa. Kuka sai anjima."

Agogon motar ya wuce sha ɗaya. Auta ta kai hannu za ta buɗe ƙofa, gara ta tafi da gudu da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Sai wayar ta yi ƙara a hannunta.

Malama.

Ta danna, ta kasa kai ta kunne. Nas ta miƙo hannu ta buɗe lasifika. Hayaniyar yara ta cika motar, ƙarar cokula da murfin kuloli, wani na dariya.

"Maman Balbela! Yi haƙuri, yanzu na buɗe jaka na ga kiranki rututu." Muryar Malama fes, cike da murna. "Ai ni ma ke nake shirin kira. Albishirinki!"

"Malama, kular! Kada ki bari ta..."

"Ta cinye tas! Wallahi ko lallashi ban yi ba. Har murfin ta lashe, tana cewa in gaya miki gobe ma irinsa take so."

Yaya ta saki sitiyari ta ɗora hannu biyu a ka.

"Malama, ni ma'aikaciyar jinya ce," Nas ta ce da ƙarfi. "Ina yarinyar take yanzu? Kalle ta ki faɗa min abin da kika gani."

"Lafiya? Ga ta can a kujerarta. Ɗazu dai ta ce harshenta na mata ƙaiƙayi, na ce ta sha ruwa. Bari in... Balbela, zo ga Mama a waya."

Hayaniyar yaran ta fara raguwa.

"Balbela? Me ya sami bakinki haka?"

Ta cikin lasifikar, Auta ta ji shi. Siririn fito, yana shiga yana fita, kamar ana busa kwalba.

"Balbela! Ke, dube ni! Wayyo Allah, ku kira shugaban makaranta! BALBELA!"

Wayar Malama ta bugi ƙasa.